Hali ko Aibi: Ina Iyakar Mai Gyaran Abin da Ya Gada?

Duk wanda ya gaji abu mai daraja, gida ne ko sana'a ko keken ɗinkin kaka, wata rana sai ya yi karo da tambaya mai wuyar amsa. Wannan abin da ke damunmu a jikin gadon, aibi ne da ya kamata mu kawar, ko kuwa halinsa ne, wanda in mun taɓa shi mun ɓata gadon gaba ɗaya? Masu riƙe da tsofaffin motocin gudu a Turai da Amurka sun shafe shekaru suna wannan gardama, kuma tasu ta fi ta kowa zafi, domin a wajensu kuskuren amsa yana iya ƙarewa a cikin rami a gefen titi. Shi ya sa muka ga ya dace mu ari gardamar tasu mu auna, ko da yake yawancinmu ba mu taɓa ganin irin waɗannan motoci ba sai a fuskar waya. Wadda za mu riƙe a matsayin misali ita ce Porsche 911 ta ƙasar Jamus.

Yadda aka ƙera ta

An fara nuna motar a baje kolin motoci na birnin Frankfurt a watan Satumban 1963, da lamba 901. Kamfanin Peugeot, wanda mu nan muka fi sani da 404 da 504, ya ce a Faransa shi ke da haƙƙin lamba uku mai sifili a tsakiya. Sai aka cire sifilin aka sa ɗaya, ta shiga kasuwa a 1964 da sunan da duniya ta san ta da shi.

Injinta ne ya fara sace zukata. Silinda shida ne a kwance, uku sun miƙe dama, uku sun miƙe hagu, girmansu duka lita biyu, suna ba da ƙarfin doki 130. Fistocin ɓangarorin biyu tare suke fita, tare suke komawa, saboda haka jijjigar wannan gefe tana kashe ta wancan, injin ya riƙa juyawa sumul. Da yake a kwance yake, nauyinsa yana ƙasa-ƙasa kusa da titi. Ba shi da lagireto, ba ya shan ruwa. Wata babbar fanka ce a samansa take hura iska a kan silindojin, sai kuma bakin mai da ke zaune a tankinsa na daban, yana zagayawa yana kwashe zafi. Hans Mezger da Ferdinand Piëch suna cikin injiniyoyin da suka yi aikinsa, siffar jikin motar kuwa an fi danganta ta ga Ferdinand Alexander Porsche, jikan wanda ya kafa gidan.

Maganar tana ga wurin da aka ajiye injin. An rataya shi can ƙarshen motar, a bayan tayoyin baya, har kusan kashi sittin cikin ɗari na nauyinta ya koma baya. Wannan ya ba ta abubuwan da direbobi ke yabo. Tayoyin da ke tura ta suna danne da nauyi, don haka tana fita daga kwana kamar an harba ta, ba ta tsayawa karce kwalta. Birki yana kama ta daidai, domin nauyin da ke tafiya gaba lokacin tsayawa bai bar bayan fayau ba. Sitiyarin kuma sakayau yake, mutum yana jin kowane tsakuwa a tafin hannunsa.

Sai dai wannan nauyi da ya ba ta, shi ne kuma yake karɓa. A wurga guduma a ga yadda kanta yake neman wucewa gaba ya bar ƙotar. Haka bayan motar yake a cikin kwana. Idan direba ya shiga kwana da gudu, ya ji tsoro, ya ɗaga ƙafa daga totur, nauyi zai zube gaba, tayoyin baya su yi sako-sako, injin ya ja wutsiyar motar ya juya ta. Abin da hankalin kowane mutum zai ba shi a lokacin tsoro, wato ya rage gudu, shi ne ainihin abin da ke kayar da shi.

Abin da masu ita suka yi

Kafin mu saurari masu gardama, ya kamata mu ga yadda waɗanda suka haifi motar suka ɗauki lamarin. Tun a shekarun farko masu saye suka yi ta ƙorafi cewa gaban motar yana yawo a kan titi. Maganin farko da kamfanin ya samo ya isa ya ba mutum dariya: curin ƙarfe biyu, kowanne kilo 11, aka cusa a ƙarshen bambar gaba, dama da hagu. Motar gudu ke nan, da aka yi ta fafutukar rage mata nauyi, aka dawo ana ɗora mata kaya don ta natsu.

A ƙirar 1969 aka matsar da tayoyin baya da milimita 57, tazarar da ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba, domin a rage abin da ke reto a bayansu. Aka kuma raba batir gida biyu, aka sa ɗaya a kowane gefe na gaba. A 1975 aka fara sayar da 911 Turbo mai ƙarfin doki 260. Turbo na wancan zamani yana da nawa: a taka totur, shiru, can sai ƙarfin ya zo gaba ɗaya kamar an kwance ingarma. In hakan ya faru a tsakiyar kwana, sai dai wani ikon Allah. Masu tuƙi suka yi mata laƙabin da ma'anarsa ita ce mai jefa mata cikin takaba.

Har kamfanin ya so ya rabu da matsalar kwata-kwata. A 1977 ya fito da 928, mai injin silinda takwas a gaba, mai shan ruwa, da niyyar ta gaji 911. Ta ci lambar motar shekara ta Turai a 1978. Amma masu saye ba su saki tsohuwar ba, kuma Peter Schutz, da ya karɓi shugabancin kamfanin a 1981, ya soke shirin dakatar da ita. A ƙarshe 928 ce aka daina yi a 1995.

Daga nan aka koma ga ƙafar motar, wato duk kayan da ke tsakanin taya da jiki. Tsohuwar 911 ba ta da naɗaɗɗen sifirin irin wanda muka saba gani, sandunan ƙarfe ne masu murɗawa suke ɗauke da ita. A 1989 aka canza su da naɗaɗɗen sifirin. A ƙarshen 1993 aka sake ƙirar ƙafar baya ɗungurungum, aka ba kowace taya hannuwa da yawa da ke riƙe ta a miƙe ko da an saki totur. A 1997 ma iskar da ke sanyaya injin aka bari, aka koma ruwa, masoya suka yi ta kuka.

Cikin duk waɗannan canje-canje abu ɗaya ne bai motsa ba: har yau injin yana baya. Ke nan masu ita sun rarrabe tsakanin abin da suka ɗauka shi ne motar da abin da suka ɗauka illarta ce, sun riƙe na farko, sun yi shekara talatin suna yaƙar na biyu.

Ɓangarori biyu

Yanzu ga mutum ya sayi ƙirar 1972, ko ya gaje ta. A kasuwa akwai shokozoba ta zamani daga kamfanoni irin su Bilstein da Koni da Öhlins, akwai sandunan murɗawa masu kauri, akwai bushin mai tauri maimakon na roba, akwai sandar da ke hana mota kishingiɗa a kwana. Ya sa ko kada ya sa?

Masu kishin asali suna cewa kada ya taɓa. Hujjarsu ta fi ƙarfin son tsohon abu kawai. A ganinsu tsohuwar mota shaida ce. Ita kaɗai za ta iya gaya wa wanda aka haifa bana yadda injiniyoyin 1972 suka yi tunani, da abin da suka iya, da inda suka kasa. Littafi zai faɗa, amma hannu da ƙugu ba sa karatu, sai sun ji. Duk motar da aka canza wa ƙafa, shaida ɗaya ta ragu, kuma ba a ƙara ƙera wasu. Suna kuma cewa kuɗi sun ba mutum riƙo ne na ɗan lokaci, motar ta riga shi zuwa, mai yiwuwa kuma ta wuce shi. Wanda aka ba ajiya ba ya yanka ta daidai jikinsa. Sannan akwai maganar gwaninta. Motar da ke hukunta mai gaggawa tana koyar da natsuwa: a gama taka birki kafin a shiga kwana, a riƙe totur daidai har a fita. In aka cire haɗarin, darasin ma ya tafi.

Masu gyara kuma suna da tasu. Da farko suna tambaya, wane asali? Roba tana bushewa, man da ke cikin shokozoba yana mutuwa, ƙarfe yana gajiya. Motar da ke kan kayanta na shekara hamsin ba ta tafiya yadda ta fito daga masana'anta, tana tafiya ne yadda tsufa ya mayar da ita. Na biyu, mota don tafiya aka yi ta, wadda aka kulle a ɗaki don kada a taɓa ta ta zama gunki. Na uku, tarihi ya nuna cewa wani lokaci 'yan kasuwar kayan gyara suna riga masana'anta ganin gaskiya.

Misalin da suke kawowa shi ne Chevrolet Corvair ta Amurka, wadda ta fito a ƙirar 1960. Ita ma injinta silinda shida ne a kwance, mai shan iska, a baya. Ƙafarta ta baya tana lilo ne daga tsakiya, ta yadda a kwana mai tsanani tayar waje tana iya lanƙwashewa ta shige ƙarƙashin motar. Kamfanin ya dogara ga bambancin iskar taya, ta gaba awo 15, ta baya 26, abin da mai saye da mai faci ba lallai su kula ba. Wani ƙaramin kamfani mai suna EMPI ya riƙa sayar da ƙarfen da ke hana tayar lanƙwashewa. Sai a ƙirar 1964 masana'antar ta sa makamancinsa, a 1965 kuma ta sake ƙafar gaba ɗaya. A shekarar ce lauya Ralph Nader ya buɗe littafinsa a kan haɗarin motoci da labarin wannan mota, kuma a 1966 Amurka ta yi dokar kiyaye lafiyar ababen hawa. Adalci ya sa mu ƙara da cewa binciken hukumar gwamnati na 1972 ya ce tafiyar motar ba ta fi ta tsararrakinta muni ba. Duk da haka, wanda ya sayi wancan ƙarfe a 1962 babu mai cewa ya ci amanar motarsa.

Jirgin da aka canza wa katako

Ƙarƙashin wannan gardama akwai tsohuwar tambaya. Marubucin Girka, Plutarch, ya ba da labarin jirgin ruwan gwarzonsu Theseus, wanda mutanen Atina suka adana. Duk katakon da ya ruɓe sai su cire su sa sabo, har masana suka rabu biyu, wasu na cewa jirgin yana nan, wasu na cewa wani ne daban.

Wata mota ta kai wannan tambaya gaban alƙali. Bentley ce da ake kira Old Number One, wadda ta ci tseren awa 24 na Le Mans a Faransa a 1929 da 1930. A 1932 aka sake gina ta da sababbin kaya masu yawa, ta yi mummunan haɗari a filin Brooklands inda direbanta Clive Dunfee ya rasu, aka kuma sake gina ta. A 1990 aka yi cinikinta a kan fam miliyan 10, masu saye suka janye, suka ce ai ba ita ce ta ci tseren ba. Babbar kotu a Landan ta yanke cewa ita ce, bisa dalilin cewa tarihinta bai taɓa yankewa ba, kuma babu wata motar da za ta iya da'awar sunan.

Wannan hukunci ba baƙo ba ne ga wanda ya girma a gidan ƙasa. Kowace shekara kafin damina ana yaɓe, ana canza azarar da gara ta ci. Bayan shekara ɗari da wuya a samu ƙasar da kakan kaka ya kwaɓa a fuskar katangar, amma babu mai shakkar gidan wane ne. Gidan da aka ƙi taɓawa don girmama wanda ya gina shi, damina uku ta ishe shi.

To, mun yarda cewa canza kaya ba ya kashe abu. Amma wannan bai ce kowane canji halal ne ba, kuma a nan masu gyara suka fi yin tuntuɓe.

Gyaran gangar Auzinawa

Ƙafar mota lissafi ce da kowane ɓangare ya dogara ga ɗan'uwansa. Taurin sandar murɗawa ba ya ƙaruwa daidai da kaurinta, yana ninkuwa ne sau huɗu a kan kansa. Wanda ya cire sanda mai milimita 19 ya sa mai 22 yana ganin milimita uku kawai ya ƙara, alhali ya ƙara tauri da kusan kashi tamanin cikin ɗari. In aka taurara baya fiye da gaba, an ƙara wa wutsiyar son juyawa, wato an ciyar da cutar da aka zo magani. In aka sauke motar ƙasa sosai don ta yi kyau a hoto, sandunan sitiyari su karkace, duk ramin da ta faɗa sai tayar ta juya da kanta. In aka sa naɗaɗɗen sifirin a tsohon jiki, nauyin motar ya koma wurin da ba a ƙera don ɗaukarsa ba, sai an yi walda an ƙarfafa, kuma abin da aka yanka aka liƙa ba ya komawa yadda yake.

Ko gyaran ya yi daidai, akwai sauran magana. Taya ta zamani da shokozoba mai kyau ba su matsar da injin daga baya ba. Abin da suka yi shi ne ɗaga iyakar da motar ke sullewa. Kwanar da a da take zamewa a gudun kilomita 80, yanzu sai ta kai 100. Ƙarfin karo kuwa yana tafiya ne da gudu sau gudu, don haka wannan ƙari na ashirin ya ƙara ƙarfin bugun da fiye da rabi, a cikin jikin da ba shi da jakar iska. A 1975 wani masanin tattalin arziki a Jami'ar Chicago, Sam Peltzman, ya yi rubutu cewa mutane in an ƙara musu kariya sukan ƙara ganganci. An yi ta jayayya a kan girman abin, amma kowa ya san direban da sabuwar taya ta sa ya manta da birki.

Mu ma muna da namu nau'in wannan a tashoshinmu. Tun da aka fara haɗa Peugeot a Kaduna a 1975, a-kori-kura ta zama jakar ƙauye da birni, kuma sananne ne a kai ta wajen bakanike ya ƙara mata falle a sifirin na baya don ta ɗauki buhunan da suka fi ƙarfinta. Bayan ya daina durƙushewa, ido ya ga kamar komai lafiya. Birkin kuwa yana nan yadda yake, tayar ma haka. Durƙushewar nan da aka kawar ita ce bakin da motar ke cewa kaya sun yi yawa, kuma an toshe shi. Mai Porsche a Turai da mai a-kori-kura a hanyar kasuwa, kowannensu yana iya sayen ƙarfen da zai ɓoye masa iyaka, ya ɗauka ya kawar da ita.

Wa ke biya?

Ta yaya za mu gane hali daga aibi? A ganinmu tambayar da ta fi raba gardama ita ce, wa ke biyan kuɗin abin? Tsohuwar 911 tana da ƙara, tana warin mai, giyarta tana son lallashi, fedojinta sun karkace gefe guda, cikinta ba sanyi. Duk wannan mai ita ne yake sha, da saninsa, da zaɓinsa. Wannan hali ne, kuma wanda ya kawar da shi duka ya fi masa sauƙi ya sayi sabuwar mota. Amma abin da zai sa motar ta tsallaka layin wasu a kwana, akwai masu biyan kuɗinsa da ba a shawarce su ba: wanda ke zaune a gefe, iyalin da ke tahowa a ɗaya hannun, yaron da ke kan keke. Su ba su sayi tarihi ba. Duk abin da ke kan wuyan wanda bai zaɓa ba aibi ne, komai daɗin labarinsa.

Wahalar ita ce a wannan mota abu ɗaya ne ke haifar da duka biyun. Ba za a cire injin daga baya a ce 911 ce ba, kamfanin ya gwada ya gani. Saboda haka mai ita yana da hanya biyu masu mutunci. Ko ya bar ta yadda aka yi ta, ya sabunta abin da ya gaji da irinsa, sannan ya ɗauki nauyin a kansa: ya koyi tuƙinta, ya bar gwada iyakarta sai a filin tsere inda kowa ya shigo da yardarsa. Ko kuma ya gyara ƙafar, ya yarda cewa ya rage wani abu daga shaidar. Hanyar da ba ta da mutunci ita ce mutum ya bar ruɓaɓɓiyar roba da sunan kishin asali, ko ya taurara komai da sunan gyara, sannan ya fita titin jama'a ya bar wasu su biya.

Kada mu yi wa kanmu ƙarya cewa hanya ta biyu kyauta ce. Wani ɓangare na son da ake yi wa wannan mota daga tsoronta ya fito, kamar yadda mahayi yake alfahari da dokin da ba kowa ke hawa ba. In aka lallashe ta, wani abu na gaske ya tafi, kuma masu kishin asali suna da gaskiya da suke jin zafinsa. Abin da muke cewa kawai shi ne, in aka ɗora wannan asara a ma'auni ɗaya da ran wanda bai san ma sunan motar ba, mun san wanda ya fi nauyi.

Haƙƙi uku a kan mai gyara

Wanda ya zaɓi gyara bai fita daga amana ba, sharuɗɗanta ne suka hau kansa. Na farko, ya san dalilin abu kafin ya taɓa shi. Wanda ya buɗe bambar tsohuwar 911 ya ga curin ƙarfe, ya jefar don rage nauyi, ya dawo da cutar da wasu suka riga shi ganowa.

Na biyu, ya bar ƙofar komawa. Ƙungiyar masu tsofaffin motoci ta duniya, FIVA, ta fitar da ƙa'idojin da ake kira Yarjejeniyar Turin, waɗanda suka fara aiki a 2013. Cikin abin da suka nema akwai cewa canji ya zama wanda za a iya warwarewa, a rubuta shi, kuma muhimman kayan da aka cire su zauna tare da motar. Abin da aka ɗaure da noti, na baya zai iya kwancewa in ya fi mu sani. Abin da aka yanka da wuta, mun yanke masa hukunci tun kafin a haife shi.

Na uku, ya faɗi gaskiya. Yarjejeniyar Venice ta 1964 a kan gyaran tsofaffin gine-gine ta nemi sabon da aka ƙara ya dace da tsohon amma a iya bambance shi, don kada gyara ya zama jabu. A Jamus manyan canje-canje sai an duba su an shigar da su takardun mota, kuma lambar musamman ta motocin tarihi, da aka fara bayarwa a 1997 ga waɗanda suka kai shekara talatin, tana karɓar gyaran da ya dace da zamanin motar ne kawai. Kamfanin RUF, wanda ya shahara da sake gina 911, hukuma ta amince da shi a matsayin mai ƙera mota tun 1981, yana sa sunansa da lambarsa a kan abin da ya ƙera. Kamfanin Singer, da Rob Dickinson ya kafa a Amurka a 2009, yana ɗaukar ƙirar da ta fara fitowa a 1989 ya mayar da ita kamar ta farkon shekarun 1970, da inji da ƙafa na zamani. Ana iya sukarsa cewa kowace ɗaya da ya yi ta cinye wata tsohuwa, kuma sukar tana da tushe. Amma ba ya ɓoye hannunsa, mai saye ya san abin da ya saya. A kasuwar ko'ina, mutumin kirki yana nuna wa mai saye inda aka yi faci.

Muna tsammanin waɗannan sharuɗɗa sun wuce gareji. Sana'ar gado, tsarin gida, al'adar biki, kowannensu yana da abin da ke ba shi kamanninsa da abin da ke cutar da wani, kuma sau da yawa daga tushe ɗaya suke. Kafin mu kare wani abu da sunan haka muka tarar, ya kamata mu duba ko mu ne ke ɗauke da nauyinsa ko mun ɗora wa wanda ba shi da bakin magana. Kafin mu rushe shi da sunan zamani, ya kamata mu tambayi abin da yake tarewa.

Wata rana mai motar zai miƙa makulli ga wani, ɗa ne ko baƙo. In ya riƙe amana, makullin ba zai tafi shi kaɗai ba. Zai tafi da akwatin tsofaffin sanduna da shokozoba da aka cire, an shafe su da mai an naɗe, da takardar da ta faɗi abin da aka canza da shekarar da aka canza shi da dalili. Zai kuma ja sabon mai ita gefe ya gaya masa cewa injin yana baya har yanzu, in ya shiga kwana kada ya saki totur.